Yadda Zalɓe Ya Tace Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, yanzu ta fito daga tafki jiƙe sharkaf.

Ta zo mu ji ta, amma ta tsane kafin ta hau mana tabarma.

To, ku gyara zama. Labarin Zalɓe ne, kun dai san shi, tsuntsun nan mai dogon wuya da dogayen ƙafafu, wanda ke wuni a bakin ruwa a tsaye kamar an dasa shi. Allah ya ba shi tsawo, ya ba shi baki mai tsini, ya ba shi wayo har ya yi masa yawa, amma haƙuri ko cikin cokali bai samu ba. Ni kam duk ranar da zan ba da labarinsa, raina kan ɓaci tun ban fara ba.

Wata shekara bazara ta yi tsanani, tafkunan ƙasar duk suka ƙafe, saura guda ɗaya tak, Tafkin Gawo. A nan Zalɓe ke da wurin tsayuwa, wani ɗan tudu a cikin ruwa mara zurfi. Daga ubansa ya gaje shi, uban kuma daga nasa uban. A saman gawon da ke bakin tafkin matarsa Kuluwa ta yi sheƙa, tana kwance a kan ƙwai huɗu.

A dangin Zalɓe kuwa akwai wata al'ada. Ranar da ɗa ya fasa ƙwai, lomar farko da zai ci ɗan ƙaramin kifi ce, kuma daga bakin ubansa. Sun ce abin da ɗa ya fara ɗanɗana shi zai bi har ya mutu. In ya fara da kifi ya zama ɗan ruwa, ya gaji wurin ubansa. In ya fara da wani abu, shi ke nan, ruwa ya rasa shi. Zalɓe ya san wannan sarai, kuma duk lalacewarsa ba abin da yake so a duniya kamar ya ga 'ya'yansa huɗu jere a kan tudun nan.

Wata safiya Kuluwa ta leƙo daga sheƙa ta ce, "Malam, saura kwana ashirin ƙwan nan su fashe fa. Kana lura da 'ya'yan kifin nan?"

Ya ce, "Kifi na nan cikin ruwa, ina zai je?"

Abin da ke damunsa shi ne tsayuwa. Ya tsaya tun hantsi har la'asar, ƙafa ta yi tsami, wuya ya sage, abin da zai samu bai wuce 'yan kifin kawara uku ba. Ya haɗiye su yana tsaki, yana cewa shi dai an cuce shi a rabon sana'a.

Ran nan da safe matan gari suka zo ɗiban ruwa. Kowace ta ɗaure farin ƙyalle a bakin tulunta, tana zuba ruwa ta kansa don gudun kurkunu. Da suka gama, sai ɗaya ta kwance nata ƙyallen ta ɗauraye shi a bakin tafki. Nan take 'ya'yan kifi suka yi caa a wurin suna wawaso. Zalɓe ya duba, ya sake dubawa, bai ga abin da suke ci ba.

Akwai wata tsohuwar Kififiya da ke shan hantsi a kan wani kututture. Ta girmi kowa a tafkin, kuma ba ta jure ta ji an faɗi abu ba daidai ba. Zalɓe ya taka zuwa wurinta.

Ya ce, "Iya, ina kwana? Me yaran nan ke wawaso a inda ba komai?"

Ta ce, "Ba komai a idonka dai, ɗan nan. Sunkuyar da wuyan nan, ai ba don ado aka ba ka shi ba."

Ya sunkuya har bakinsa ya taɓa ruwa. Sai ga wasu 'yan ɗige-ɗige birjik, ƙwayar gero ma ƙatuwa ce a kansu. Wasu na tsalle kamar ƙuma, wasu na juyi, wasu na jan 'yan jakunkunan ƙwai a bayansu.

Kififiya ta ce, "Ƙwarin ruwa ke nan. Su ke kiwon gansakuka, su cinye koren nan tun bai yi kauri ba, shi ya sa kake ganin ƙafarka a cikin ruwa. Da rana su nitse ƙasa don tsoron idon kifi, rana ta faɗi su hau kiwo, da sassafe ka same su a sama ba su koma ba. Su ci kore, 'ya'yan kifi su ci su, manyan kifi su ci ƙanana, kai ka ci na tsakiya, Sarki Kada ya ci manyan. Haka muka tarar."

Zalɓe ya karkata kai ya ce, "To Iya, ƙwari nawa ke yin kifi ɗaya?"

Ta ce, "Sai kifi ya ci mudu goma kafin ya yi tsoka mudu guda."

"Sauran taran fa?"

"Sun tafi a iyo da numfashi da kashi. Kai naka ina yake tafiya?"

Zalɓe bai ji wannan ba, don tuni zuciyarsa ta yi nisa. Ya buga fiffike ya ce, "Ashe kifi dillali ne! Ya karɓi goma ya miƙo mini ɗaya, ni kuma ina tsaye cikin rana ina yi masa godiya. Wallahi daga yau na daina bi ta hannun dillali. Abincina zan ɗebo daga tushe."

Kififiya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin manomin da ya cinye iri ya kwana lafiya?"

Ya ce, "Na gode, Iya," ya wuce. Ku ji fa, na gode. An ba shi ilimi kyauta, shi kuma ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya bar sauran a kan kututture.

Washegari matan suka dawo. Wata ta wanke mayafinta fari sol, mai laushi, ta shanya a kan ciyawa, ta juya tana hira. Zalɓe ya zo sanɗa-sanɗa ya figi mayafin ya shige cikin kainuwa da shi. Baiwar Allah ta yi ta nema, ta zargi iska, ta zargi akuya, ta tafi gida tana faɗa.

Da sassafe ya ɗaure gefe ɗaya na mayafin a ƙafar dama, gefe ɗaya a ƙafar hagu, ya kama sauran da baki, ya shiga ruwa yana tafiya a tale. Ya ja, ya tace, ya matse, ya shanya. Abin da ya taru a mayafin ya dunƙule shi a kan dutse, rana ta busar, ya fito kamar ƙuli-ƙuli. Ya gutsira. Ƙarni ne da ƙasa-ƙasa, ba daɗi ko kaɗan, amma ya lumshe ido ya ce, "Uhm! Wannan shi ne abinci, ba ƙaya, ba tsayuwa."

Kuluwa ta leƙo ta gan shi da zanen mata a ƙafa. Ta ce, "Innalillahi! Malam, me zan gani haka?"

Ya ce, "Dabara ce, Kuluwa. Ke dai ki ji da ƙwanki."

Ta ce, "Abincin 'ya'yan kifi kake kwashewa. In ka cinye nasu, su me za su ci?"

Ya ce, "Tafki guda ne fa. Ɗan abin da zan ɗiba har a gane?"

Ta ce, "Saura kwana goma sha bakwai. Na dai faɗa maka."

"Kifi na nan cikin ruwa, ina zai je?"

Da a ce ɗan abin da zai ci yake ɗiba, da da sauƙi. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya ga abin na taruwa, sai ya ce bari ya yi tanadin damina. Ya gama da gabas ya koma yamma. Ya ja, ya tace, ya matse, ya shanya. Ya gama da yamma ya bi kudu, ya bi arewa, ya bi ƙarƙashin kainuwa inda 'ya'yan kifi ke fakewa. Ya ja, ya tace, ya matse, ya shanya. Tanadin kuma bai taɓa kwana ba, don duk abin da ya shanya da safe kafin la'asar ya cinye shi, yana cewa gobe ma rana ce. Cikinsa ya yi tulu, ƙafafunsa na nan siriri yadda suke.

"Malam, saura kwana goma."

"Kifi na nan cikin ruwa."

"Malam, saura kwana bakwai. Ka ga kalar ruwan nan kuwa?"

Ya gani mana, ya dai ƙi ya duba ne. Da masu kiwon gansakuka suka ƙare, sai kore ya samu sarari. Ruwan da kake hango yashi a ƙasansa ya zama kamar miyar kuka, ya yi kauri, ya yi yauƙi, ya fara wari. 'Ya'yan kifi suka rasa abin ci, suka rame, suka yi ta mutuwa. Na tsakiya suka rasa ƙanana. Manya suka riƙa tasowa sama da asuba suna buɗe baki, suna haƙi kamar waɗanda aka shaƙe. Matan gari suka zo suka toshe hanci suka koma rijiya mai nisa. Zalɓe ya ja mayafinsa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya ɗaga, ba komai ciki sai koren yauƙi.

Nan fa ya haƙura da tacewa. Ya ce bari ya koma sana'ar gado kafin Kuluwa ta gane. Ya hau tudunsa ya zura ido, ko yatsunsa ba ya gani, balle kifi.

Ana wata ga wata. Sarki Kada, mai tafkin, da farko murna ya yi, don kifaye na tasowa da kansu suna faɗa masa a baki. Da aka kwana biyu sai mushe, da aka ƙara kwana biyu sai babu. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya fito kewaya. Bai yi nisa ba ya hango Zalɓe a kan tudu, ga farin mayafi nan ɗaure a ƙafafunsa ya manta bai kwance ba. Kada ya nitse, ya ɓullo a gabansa, ya kai masa cafka. Zalɓe ya yunƙura zai tashi, mayafi ya harɗe shi, ya faɗi ragwaf. Kada ya ɗora masa hannu a fiffike ya danne.

Zalɓe ya ce, "Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamanin Sarki! Yanzu nake shirin zuwa gaisuwa."

Kada ya ce, "Ga shi na rage maka hanya. Wa ya lalata mini ruwa?"

"Matan gari ne, ranka ya daɗe. Kullum suna nan da ƙyallayensu, tace, tace, tace."

"Matan gari tulu guda suke tacewa, su ɗauraye ƙyallen su mayar mini da abina. Wannan na ƙafarka fa, kai ma matar gari ce?"

Zalɓe ya dubi mayafin kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Wannan? Tsinta na yi."

Kada ya ce, "Ni ma yanzu na yi tsintuwa. Kwana huɗu rabona da abinci." Ya buɗe baki.

Zalɓe ya ga haƙora jere, ya ga ƙarshensa, ya tuna ƙwai huɗu a saman gawo. Ya yi ihu, "Tsaya, ranka ya daɗe! In ka cinye ni ka ƙoshi yau, gobe fa? Ni kaɗai na san yadda za a dawo da ƙwarin ruwa."

Ƙarya yake, bai san komai ba. Amma ya hango Iya Kififiya ta fito a kan kututturenta tana kallo, kuma ya san halinta.

Kada ya ce, "Faɗi, ina ji."

Zalɓe ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda tsohuwar za ta ji. Ya ce, "Ai kowa ya sani, ƙwarin ruwa daga sama suke zubowa. Hadari ke ɗauko su daga gabas, tsawa ta kaɗo su. Don haka sai a samu ganga a yi ta kaɗawa, su ɗauka tsawa ce."

Kififiya ta ji wannan ƙarya tsagwaronta. Ta yi niyyar ta yi shiru ta bar shi ya girbi abin da ya shuka, amma ina, ba ta iya ba. Ta daka tsawa, "Ƙarya kake, ɗan banza mai wuya kamar igiyar guga! Wace ganga? Daga laka suke fitowa! In tafki zai ƙafe, uwayensu su zuba wani irin ƙwai mai tauri a cikin laka. Ya kwana cikin rana shekara, ko shekaru, ba abin da zai same shi. Ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Ga Fadamar Kanya can bayan tudu ta bushe ƙayau, ƙasarta cike take da iri. A ɗebo a zuba nan, shi ke nan!"

Zalɓe ya kaɗa kai ya ce, "Madalla, Iya. Ranka ya daɗe, gwada ta na yi, in ji ko tsufa bai taɓa mata hankali ba. Abin da zan faɗa ke nan."

Kififiya ta ja kanta cikin ƙoƙo don takaici.

Kada ya ce, "To tashi ka ɗebo."

Zalɓe ya miƙa ƙafa ɗaya ya ce, "Sarki ya dubi wannan. Laka nawa za ta ɗauka? In ni zan yi jigila, sai baɗi war haka ban cika ƙoƙo ba. Kuma ai ba a yi haka ba, ranka ya daɗe. Tun kaka da kakanni, shuka irin wannan mai ƙasa ke buɗe ta. Bayan Sarki faffaɗa ne, ga gurabe-gurabe kamar an yi shi don aikin. Sarki ya fita a jiƙe, ya yi birgima a fadama, ƙasa ta manne, ya dawo ya yi wanka. Gobe a ce wa ya raya Tafkin Gawo? A ce Kada ne, da bayansa."

Kada ya ɗan sassauta hannu. Maganar ta shige shi, don shi ma yana son a faɗe shi. Amma ba wawa ba ne gaba ɗaya. Ya ce, "Na ji. Sai dai kai tsuntsu ne, ina juya baya ka tashi." Ya sa haƙori ya fige dogayen gashin fiffiken Zalɓe, na dama da na hagu, tas. Ya ce, "Ranar da ruwa ya washe ka tsira. In bai washe ba, ka san inda za ka kwana."

Suka kama hanya da rana tsaka, yashi na ƙuna. Zalɓe ya taka ya ji zafi, sai ya ce ai bai dace Sarki ya yi tafiya ba laima ba. Ya ɗare bayan Kada, ya buɗe figaggun fukafukansa waɗanda ko inuwar ƙuda ba za su yi ba, yana kirari: "Mai baya gona guda! Na ruwa mai noman tudu! Taka a hankali, ƙasa taka ce!" Kada na jan ciki a yashi mai zafi, yana nishi, yana jin daɗi. Ya yi birgima a fadama, ya dawo ya yi wanka. Ya koma, ya yi birgima, ya dawo. Sawu bakwai suka yi a kwana uku, fatar cikin Sarki ta saɓule, Zalɓe ko ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Yana cikin jin kansa gwani, ran nan da hantsi sai ya ji ƙara daga saman gawo, ƙananan muryoyi huɗu. Kuluwa ta leƙo.

Ta ce, "Malam, sun fito. Ina kifi?"

Zalɓe ya ruga gindin gawo. Ya buga fiffike, ya yi tsalle, ya faɗo. Ya sake bugawa, ya sake faɗowa. Ya ɗaga kai ya ce, "Kuluwa, lafiyarsu ƙalau? Su huɗun duka?"

"Su huɗun duka, da baki huɗu a buɗe. Ina kifi?"

Wannan karon bai ce kifi na cikin ruwa ba. Ya ce, "Ki ba ni kwana kaɗan. An zuba iri."

Ta ce, "Iri? Jariri zan ce wa an zuba iri? Sai ƙwarin sun ƙyanƙyashe, su cinye koren, ruwa ya washe, kifin da ya rage ya yi ƙwai, ƙwan ya fashe, 'ya'yan su girma. Kai kuma sai gashinka ya tsiro kafin ka hau nan. Duk wannan a kwana kaɗan?"

Ya ce, "Don Allah, Kuluwa, kada ki ba su komai. Ki rufa mini asiri."

Ta ce, "Kwana ashirin ina rufa maka asiri kana yaye shi." Ta koma ciki.

Ya koma tafki ya yi ta caka baki cikin koren ruwa a makance, ko Allah zai sa ya dace, ya ce in ya samu ko ɗaya ne ya roƙi Kuluwa ta sauko ta kai musu. Bai samu ko ƙaya ba. Yaran suka yi kuka wuni guda. Washegari suka yi kuka har muryarsu ta dishe. Zalɓe na gindin gawo yana kewaya, kukan na sukarsa, kuma ya san ba wanda ya jawo sai shi.

A rana ta uku ya ga Balbela, 'yar ƙanwar uwar Kuluwa, wadda ke bin shanun Fulani tana kama fara, ta sauka a sheƙar da wani abu a baki. Ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo. Can sai kuka ya ɗauke ɗif.

Zalɓe ya ce, "Kuluwa! Me ya sa suka yi shiru?"

Ta ce daga ciki, "Barci suka yi."

"Balbela fa, me ta kawo?"

"Barka ta zo."

Ya ce to, barka ce. Ya faɗa wa kansa haka, ya maimaita, har ya kusa yarda.

Maganar Iya Kififiya kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Kwana kaɗan sai ga 'yan ɗige-ɗige suna tsalle a inda Kada ya yi wanka. Suka tarar da kore ko'ina, abinci har ya yi musu yawa, suka ci suka hayayyafa, suka ci suka hayayyafa. Ruwa ya fara sakin kauri, wari ya tafi, yashi ya bayyana. Aka yi ruwan farko, tafki ya ƙaru. 'Yan kifayen da suka tsira suka yi ƙwai, 'ya'ya suka fito suka tarar da abinci na jiransu. Kada ya riƙa kwanciya a gaɓa yana nuna wa kowa tabon cikinsa, yana cewa shi ya noma tafkin nan da bayansa. Ya kira Zalɓe ya ce ya yafe masa, har ya ce in ana neman mai hankali a zo wurinsa. Kififiya ta ji wannan, ta sake shigewa ƙoƙo.

Duk tsawon kwanakin nan Zalɓe na ƙasa, yana cin 'yan ƙwaɗi da abin da ya samu, yana shafa fiffike kullum ya ji ko gashi ya fito. Ya fi wata biyu a haka. Ranar da ya ji iska ta ɗauke shi, bai yi gaggawa ba. Ya hau tudun ubansa, ya tsaya tun hantsi har la'asar, bai yi tsaki ko sau ɗaya ba. Ya zaɓi 'yan kifi huɗu masu sheƙi, ya jera su a baki, ya tashi sama zuwa sheƙa.

Ba kowa a ciki, sai ƙafafun fara busassu.

Ya hango garken shanu can a saura. Ya je. Ga Kuluwa, ga Balbela, ga wasu samarin tsuntsaye huɗu masu dogon wuya irin nasa sak, suna bin sawun shanu a guje, suna cafke fara.

Kuluwa ta gan shi ta ce, "Ku zo ku gai da babanku."

Suka zo suka rusuna. "Sannu, Baba."

Zalɓe ya ajiye kifin a kan ciyawa. Ya ce, "Ga shi, 'ya'yana. Na makara, amma ga shi. Ku ci."

Babban ya sunkuya ya shinshina, ya ja da baya. Ya ce, "Inna, wannan farar ba ta da ƙafa."

Na biyun ya taɓa da baki ya ce, "Kuma a jiƙe take."

Zalɓe ya ce, "Kifi ne! Abincin ubanku da kakanku! Ku biyo ni ku ga wurinmu."

Suka bi shi don kunya har bakin tafki. Ya shiga ruwa ya hau tudu, ya matsa gefe ya bar musu wuri. Ya ce, "Ku shigo. Nan kakanku ya tsaya." Autar ta sa yatsa ɗaya a ruwa, ta yi tsalle ta ce, "Wayyo, sanyi! Baba, kai kullum a nan kake wuni? Me ka yi aka sa ka?"

Kafin ya ba da amsa wata saniya ta yi kuka a saura. Su huɗun suka juya a tare. Babban ya ce, "Baba, shanu za su wuce. Sai mun sake zagayowa." Suka tashi fir.

Zalɓe ya dubi Kuluwa. Ta ce, "Kada ka dube ni, Malam. Da rai na ba ka su, su huɗu. Da na jira kifinka, da ko ɗaya ba ka samu mai ce maka Baba ba." Ta bi 'ya'yanta.

Ya tsaya a kan tudun shi kaɗai. Ruwa garau, kifi na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa, manya da ƙanana, wuri ya ishi tsuntsu biyar. Bai kai wa ko ɗaya cafka ba, yana dai kallon inda ƙurar shanu ta bi.

Ƙurunƙus kan ɗan kawara, wanda ya ga ƙarya a ciki ya tace ya ba ni tsakin. Darasin kuwa ga shi: in mata sun shanya mayafi ku bar musu kayansu, in kuma ya zama dole sai kun tace tafki, to ku bari uwargida ta gama ƙyanƙyasa tukuna.